Ƙasusuwan Kaji da Fartanyar Mama

Tun da na dawo daga Kumasi ban huta da tambaya ba. A wurin aiki, a zumuntar mata, har ɗan acaɓan da ke kai ni aiki Shabu kullum safe sai da ya waiwayo muna cikin tafiya ya ce, "Madam, wai gaskiya ne an kama ki da kayan tsafi a boda?" To, ba kama ni aka yi ba, tsayar da ni aka yi. Kuma ba kayan tsafi ba ne, ƙasusuwan kaji ne. Na gaji da maimaitawa, kowa ya ji sai ya ƙara nasa gishiri, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda.

Sunana Talatu, ina aiki a gonar kaji ta makarantar noma. Ni ba dakta ba ce. Ni ce mai auna abinci, mai tsince ƙwai, mai rubuta wadda ta mutu da wadda ta rage. Shugabata, Dakta Asabe, tana bincike a kan abin da ke gurgunta kajin ƙwai idan sun daɗe suna saka ƙwai. Kaza tana ci tana sha, rana ɗaya sai ta zauna ta kasa tashi, in ka ɗaga ta da ƙarfi ƙafar ta karye a hannunka kamar karan dawa. Mun raba kajin keji gida biyu, wasu an ƙara musu bitamin D a abinci, wasu ba a ƙara ba. Da lokaci ya yi aka yanka, muka dafa ƙafafun, muka saɓule naman, muka shanya ƙasusuwan. Injin da zai gwada ƙarfinsu kuwa babu shi a wurinmu, sai a Kumasi ta ƙasar Gana, wurin wata Farfesa, tsohuwar malamar Dakta, wadda take shirya horo na sati biyu a kan yadda ƙashi ke cinyewa. Dakta ce ya kamata ta je, amma cikinta ya tsufa, ko hawa acaɓa likita ya hana ta. Ta dube ni ta ce, "Talatu, ke kika san kajin nan ɗaya bayan ɗaya. Ke za ki je."

Na yi murna, amma da nauyi a zuciyata, saboda Mama.

Daminar bara mahaifiyata ta yi tuntuɓe da kunyar doya a gonarta a Assakio, faɗuwar da ko yaro ba zai yi kuka ba, amma wuyan hannunta ya karye. Likita ya ce ƙasusuwanta sun yi laushi. Ni dai kalmar laushi kawai na ji. Na kwaso ta na kawo ta gidanmu a Azuba, na ba ta ɗaki mai tayil da talabijin da labule mai kauri, na ce, "Mama, kin yi naki, yanzu ki zauna ki huta." Shara na hana, wanke-wanke na hana. Ta zo da ƙaramar fartanyarta a naɗe cikin zane, na faki idonta na hau kujera na cusa ta cikin silin na kicin. A ganina abin da 'ya ta gari ke yi ke nan, kuma mutane sun yaba, ni ma na ji daɗin yabon.

Sai dai Mama ta ƙi ƙiba. Kullum ƙara tsukewa take, magana ma ta ragu.

Aiki ɗaya na taɓa bari ta yi. Takardun da na liƙa wa ƙasusuwan sun jiƙe da maiƙo, rubutun ya fara gogewa, sai na zo da su gida na ɗauko gwangwanin zarenta na ce mu ɗaure: ja ga masu bitamin, baƙi ga waɗanda ba su samu ba. Akwai kuma wasu 'yan tsirarun kaji da suka tsere daga keji tuntuni, na ƙyale su suna tono a tsakar gona, su ma na haɗa nasu don kada a yi asara, muka ɗaura musu fari. Ranar nan Mama har da waƙa. Ta ɗauki wani ƙashi, tun ban faɗa mata ba, ta jinjina shi a tafin hannunta ta ce, "Wannan na kazan waje ne." Na duba, haka ne. Na ce dace ta yi.

Da safen tafiya ta rako ni bakin ƙofa. Mama Hausarta ta kasuwa ce, a wurinta kowa "kai" ne. Ta ce, "Talatu, in ka dawo, ko ka ba ni fartanya na, ko ka mai da ni Assakio. Ni ban zo nan in mutu da zama ba."

Na ce, "Mama, ko ɗaya ba za a yi ba."

Ta ce, "Za mu gani."

Na san ta. In ta ce za ta koma, ko a ƙafa za ta koma, kuma can ba kowa a gidan, in ta sake faɗuwa sai dai maƙwabta su tsince ta. Na ja maigidana, Baban Ladi, gefe na kafa masa doka: kada ta fita, kada ta ɗauki komai. Ya ce to. Mutumin da bai taɓa iya ce wa Mama a'a ba, shi na bar wa gadi.

A tashar Lafia na haɗu da Hajiya Balaraba, 'yar kasuwa mai saro goro da sabulun salo daga Gana, mace mai jiki da murya, wadda ta san hanyar nan kamar tsakar gidanta. Tana ganina da kula a cinya, wadda na zuba ƙasusuwan a ciki, ta ce, "Ƙanwata, zo nan kusa da ni. Mai guzuri ba a barin ta ta zauna da baƙo." Na yi dariya na koma kusa da ita. Muka bi ta Akwanga, muka wuce Keffi, tana ba ni labarin kowane gari da wanda ya taɓa cutar ta a ciki. A Lokoja aka tsaya cin abinci, na sauka in kama ruwa, na bar mata kular. Ina dawowa na tarar da ita tsaye a wajen mota, hannu a ƙirji.

"Innalillahi! Ke 'yar nan, na buɗe in ɗan ɗanɗana, me zan gani? Wa za ki yi wa?"

Na yi mata bayani tun daga kaza har zuwa inji. Ta saurara, ta kaɗa kai ta ce, "Na yarda da ke, don fuskarki ba ta masu mugun abu ba ce. Amma wallahi da kin tambaye ni, da kowane launi za ki sa ban da ja da baƙi da fari. Ki shirya bakinki, boda na gaba."

Ta san abin da take faɗa. Mun kwana a hanya, muka canja mota a Legas, da hantsi muka isa kan iyakar farko, inda Turanci ke ƙarewa Faransanci ya fara. Aka ce kowa ya buɗe kayansa. Jami'in da ya zo kaina saurayi ne mai fara'a, har yana tsokanar Hajiya. Ya ɗaga murfin kular, fara'ar ta ɗauke. Ya ja da baya, ya kira wani, wancan ya leƙa, shi ma ya kira wani. Babu wanda ya yarda ya sa hannu. Na fito da wasiƙar Dakta da takardar likitan dabbobi, suka juya ta sama da ƙasa, Turanci ce. Ni kuwa Faransancina bai wuce gaisuwa ba, ita ma a mota Hajiya ta koya mini.

Hajiya ta ɗaure gyale a ƙugu ta shiga tsakani. Faransancinta na ciniki ne, ya san "nawa" da "rage mini", bai san bincike ba. Da kalmomi suka ƙare mata sai ta koma nuni. Jama'a, ku ga mace mai daraja, wadda ta je Makka sau biyu, ta durƙusa a gaban jami'ai tana kaɗa gwiwar hannu kamar fiffike, ta yi kamar ta saka ƙwai, sannan ta kama ƙafarta ta karkace gefe. Jami'an suka fashe da dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma ya yi amfani, don nan suka gane maganar dabba ce, suka aika a kira ma'aikaciyar lafiyar dabbobi. Kafin ta iso mun sha rana, fasinjoji sai tsaki suke ja. Da ta zo, ta karanta takardun, ta ɗauki ƙashi ɗaya da hannunta ta duba ya bushe sarai, ta buga hatimi, ta ce mini da Turanci Allah ya ba da sa'a. Gaskiya aikinsu suka yi, ni ma in na ga irin wannan a kular wani ba zan bar shi ya wuce haka ba.

Daga nan sunana ya koma Madam Ƙashi. Matar da ke bayana ta canja kujera. Wani dattijo kuma ya bari sai da mota ta ɗauki hanya, ya matso ya rage murya ya ce, "Baiwar Allah, ko akwai na kasuwa? Shagona ya kwana biyu ba ciniki." Na rantse masa da Allah ba abin da yake zato ba ne. Ya ce ya gane, ai masu abin na gaske ba sa faɗa.

Kwatano babura ne kamar ƙudan zuma, sun ninka namu na Lafia, ga burodi dogo mai tauri da ake tallarsa a tsaye cikin kwando. Na saya ina zaton irin namu ne mai laushi, ya kusa yanka mini dasashi. A Lome hanya ta bi bakin teku, kuma ranar na fara ganin teku da idona. Ina kallo, sai na ji ina ma Mama na nan, ita da ko Binuwai sau ɗaya ta gani ta yi wata tana labari. Sauran iyakokin ba a sha wahala ba, hatimin matar nan ya yi mana aiki.

A Kumasi an tanadar mini ɗaki a makarantar da za a yi horon, amma Hajiya ta ce atafau ba za ta bar ƙanwarta ta kwana cikin baƙi ba, sai gidan mai masaukinta a zango. Na ce mata ni fa Kirista ce. Ta ce, "To, shinkafar gidan ta tambaye ki?" Mai gidan sunanta Mma Memuna, kuma da ta buɗe baki sai na ji kamar ina kasuwar Lafia, Hausa ce da ta sha ruwan wasu harsuna, ba mai yi wa wani dariya. Ranar Lahadi ita da kanta ta nuna mini hanyar coci.

Abincinsu sai da muka yi 'yar kokawa. Shinkafa da waken da suke dafawa tare har ta yi ja, a zuba a ganye da wani baƙin yaji mai ƙamshin kifi, wannan kam na ba su. Koko da ƙosai kamar a gida. Amma dokunu, tuwon masarar nan mai tsami da ake dafawa a ɓawon masara, loma ta farko na zaci ya lalace ne, na yi ta neman inda zan tofar cikin mutunci. Kafin sati ya zagayo ni ke tambayarsa. Da ƙananan kifi soyayye ake ci, ni kuma na zauna ina tsince kai da ƙaya ina tarawa a gefen faranti, irin na 'yan boko.

A nan na fara haɗuwa da Kaka Salamatu, uwar mijin Mma Memuna. Tsohuwa ce tukuf, ta girmi Mama nesa ba kusa ba, 'yar ƙarama, baƙa, a miƙe kamar taɓarya. Ta leƙa farantina ta ce, "'Yata, abin da kika tsame ai shi ne kifin." Ta ɗauki guda daga nata ta tauna shi ƙurmus har kai, da 'yan haƙoran da suka rage mata.

Washegari da sassafe na ga wannan tsohuwa da tsintsiya tana share tsakar gida, ta gama ta shimfiɗa buhu a rana ta zauna tana tsince barkono, hannuwa a waje. Abin ya tsaya mini a rai. Na sami Mma Memuna a kicin na ce, "Mma, ki yi haƙuri, ni baƙuwa ce, amma ya za a bar tsohuwa kamar wannan da shara, ga ku cike da gida?" Har na ba ta labarin yadda na hutar da tawa uwar, da 'yar alfahari a muryata.

Ta dube ni, ta yi dariya ta ce, "Je ki karɓi tsintsiyar, in kin fito da rai ki ba ni labari." Sannan ta sassauta murya ta ce, "Mu dai abin da muka gani, in ka ɗauke wa tsohuwa tsintsiya yau, gobe ita za ka ɗauka."

Na ce a raina, al'adar kowa daban. Ban yarda ba.

A makaranta ma na yi nawa abin kunyar. Ranar farko aka kai ni gaida malamai suna zaune a jere, na tsallake kowa na nufi Farfesa da ke tsakiya, kamar yadda ake yi a gida, babba tukuna. Ashe su daga hannun dama ake farawa a bi layi, ko da wa ke zaune a farko. Sai da na koma na sake. Da na buɗe kular kuma wani ya tambaya cikin wasa ko jana'izar wa na zo, don a can ja da baƙi kayan makoki ne. Ranar Asabar na gani da idona, unguwa guda ta yi ja da baƙi, ga rumfuna, ga kiɗa, ana rawa. Na zaci biki ne har na fara gyaɗa kai, sai aka ce mini wata tsohuwa ake binnewa.

Farfesa 'yar tsohuwa ce mai furfura a buɗe, ofishinta a hawa na uku, kuma kullum da ƙafa take hawa, mu matasa muna binta muna haki. Ta iya koyarwa. Ranar farko ta sa muka leƙa madubin ƙara girma, muka ga yankan ƙashi siriri da aka rina, da wasu 'yan ramuka a gefensa kamar inda gara ta ci. Ta ce ƙashi ba dutse ba ne, abu ne mai rai, kuma ƙungiya biyu ke aiki a cikinsa har mutum ya mutu, masu rushewa da masu gini. Rushewar ba mugunta ba ce, da ita ake cire tsohon wuri a sa sabo, da ita kuma jiki ke samun kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, in ya rasa. Idan kalsiyam ya yi ƙasa a jini, wani sinadari mai kai saƙo da ake kira homon daga 'yan ƙananan ƙulluttai a wuya sai ya aika wa masu rushewa su fasa ƙashi su kawo. Bitamin D shi ke taimakon hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci, in babu shi ko ka ci abin kirki yawanci wucewa zai yi, sai a koma kan ƙashi. Kaza mai ƙwai kullum tana bukatar ɓawo, in abinci bai kawo ba daga ƙasusuwanta take ɗiba.

Har nan ina rubutu hankalina kwance, maganar kaji ce. Sai ta juyo kan mutane. Ta ce a jikin mace akwai homon da ke riƙe wa masu rushewa linzami, in al'ada ta ɗauke sai ya ragu, su kuma su samu sake, masu gini su kasa cim musu. Shi ya sa tsohuwa za ta yi 'yar faɗuwa wuyan hannu ko ƙugu ya tafi. Biro ya tsaya a hannuna.

A sati na biyu aka sa ƙasusuwana a inji. Yana danna ƙashi a tsakiya a hankali har ya karye, ya nuna irin ƙarfin da ya jure. Masu baƙin zare ba su ja lokaci ba, ƙas, sun tafi. Masu ja sun ɗan yi gardama. Da aka zo kan masu fari, waɗanda na kawo don kawai kada a zubar, sai da kowa ya matso, injin na dannawa suna ƙi. Farfesa ta tambaya me muka ba waɗannan. Na ce ba komai, 'yan gudun hijira ne, yawo kawai suke a rana suna tono. Ta ce 'yan kaɗan ne, ba a yanke hukunci da su, amma ba su faɗi sabon abu ba: fata na yin bitamin D in rana ta taɓa ta, kuma ƙashin da ba a ɗora masa aiki jiki na ɗaukarsa kayan da ba a bukata, sai a bar wa masu rushewa.

Na tuna Mama tana jinjina ƙashin nan a tafin hannunta. Ita ba ta bukaci inji ba.

Da aka tashi na bi Farfesa har hawa na uku, na ce ina da tambaya amma ba ta kaji ba ce. Na ba ta labarin karayar Mama. Ta ce, "Yanzu me take yi daga safe zuwa yamma?"

Na ce, "Hutawa take."

"A ina?"

"A ɗaki."

"Rana na shiga?"

Na ce, "Na sa labule."

Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauki guntun ƙashi mai baƙin zare daga tebur ta sa mini a hannu ta rufe yatsuna a kai. Wallahi kunya ta kama ni, hawaye suka zubo ban shirya ba. Shekaru ina rubuta kajin da keji ya gurgunta, ban taɓa ganin cewa na gina wani a gidana ba, har da tayil.

Ta bar ni na share fuska, sannan ta ja mini kunne. Ta ce kada in koma in sake ta gona da kaya a kai, wannan wani gangancin ne. In kai ta asibiti a duba ta sosai, akwai gwaji kuma akwai magani ga wanda ke bukata. Kada in je kemis in kwaso bitamin in ɗura mata, don shi ma in ya yi yawa cuta ne. In duba inda za ta iya zamewa a gidan, tayil mai ruwa ya fi ƙasar lambu haɗari. Ta ce, "Faɗuwa za ki hana ta, ba motsi ba."

Da yamma na koma zango na tarar da Kaka Salamatu tana kwashe barkononta. Na durƙusa na taya ta, ban karɓe ba, taya ta na yi. Ranar na cinye kifina har kai. Ta dube ni ta ce, "Yauwa, yanzu kin zama mutum."

Dawowa ba ta da labari mai yawa. Kular ta dawo cike da kayan Hajiya da wani ƙullin busasshen ƙananan kifi da Mma Memuna ta ce in kai wa Mama, kuma ba jami'in da ya ja da baya da ya buɗe ta. Duk lokacin da na kira gida Baban Ladi sai ya ce, "Mama lafiya lau," ya yi sauri ya canja magana. Na san ruwa ba ya tsami banza, amma ban matsa ba. Tsorona ɗaya, kada in tarar ta riga ta ɗaure kayanta.

Mun samu mota da wuri, na iso Azuba kwana ɗaya kafin ranar da na faɗa, da hantsi. Ɗakin Mama a buɗe, talabijin a kashe, ba kowa. Na duba bayan ƙofa, jakarta na nan. Baban Ladi ya fito, ya ce sannu da zuwa, sai kuma ya tuna yana da wani aiki na gaggawa a bakin titi.

Na zagaya bayan gida. Filin da ke tsakanin katanga da tankin ruwa, wanda na bari ciyawa ta cinye, an share shi tas. Ga 'yan kunyoyi huɗu ƙanana, kuɓewa ta fito da ganye bibbiyu, alayyafo ya yi kore. Mama na tsugune a ƙarshen kunya tana tono da tsohon cokalin miyana wanda mariƙinsa ya karye.

Ta ji motsi ta ɗago. Tana ganina ta saki cokalin, ta miƙe a hankali, ta mai da hannuwanta biyu baya ta ɓoye, don kada in ga ƙasar da ke jikinsu.

Wannan matar ita ta goya ni tana noma. Da waɗannan hannuwan ta biya mini makaranta, doya bayan doya. Yau ga ta tana ɓoye mini su kamar yarinyar da aka kama da hannu a tukunya. Duk abin da na gani a tafiyar nan, teku da inji da komai, babu wanda ya shige ni kamar wannan.

Ta ce, "Ka ce gobe za ka dawo."

Na ajiye jaka, na shiga kicin, na jawo kujera na hau, na tura hannu cikin silin. Na fito da fartanyar a naɗe cikin zanenta yadda ta zo, na durƙusa na miƙa mata da hannu biyu. Na ce, "Mama, ki yafe mini. Amma da sharaɗi. Da safe kawai, ba ɗaukar ruwa, da takalmi a ƙafa, kuma jibi za mu asibiti."

Ta fito da hannuwan. Ta warware zanen ba ta ko kalle ni ba.

Na ce, "Maganar Assakio fa?"

Ta ce, "In na tafi, wa zai duba kuɓewa na? Kai?"

Ta juya fartanyar, ta shafa bakin da babban yatsa, jan gari ya biyo shi. Ta nuna mini ta ce, "Ka gani? Ya yi tsatsa. Lokacin da ina aiki da shi kullum bai taɓa yi ba."

Na ce, "Na gani, Mama."

Ta ce, "To, tashi ka nemo mini dutse in wasa."